Yabon da Ya Faro daga Zagi

In Bature ya ce maka "nice", kada ka yi saurin washe baki. Asalin kalmar daga Latin ne, nescius, wato jahili. Ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi, kuma wajen shekarar 1300 wawa ake kira da ita. Sannu a hankali ta koma nufin mai tsantseni, sai a ƙarni na 18 ta yi wanka ta zama yabo. Har Jane Austen, a littafinta Northanger Abbey, ta sa wani saurayi tsokanar budurwa saboda ta liƙa wa wani littafi kalmar, yana cewa yanzu komai aka gani sai a liƙa masa ita. Yau shayi "nice" ne, suruka ma "nice" ce, musamman in tana kusa.