Alhaji Na Neman Kare Mai Haƙuri

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo unguwannin masu hannu da shuni, daga Nasarawa ta Kano zuwa Unguwar Rimi ta Kaduna har Maitama. Mutum zai gama gini, ya ɗaga katangarsa ta ɗara ta maƙwabci da bulo uku, ya zagaye ta da waya mai lantarki, ya kafa kyamara a kowace kusurwa, sannan ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce saura abu guda. Saura kare. Ba irin wanda muka taso muna jifa a bakin bola ba, a'a, kare mai takarda, wanda aka san uwarsa da ubansa har kakansa na bakwai, lissafin da in ka tsare mai gidan ya kawo nasa sai ya ce maka yana sauri.

Zo ka ji sharuɗɗan da ake gindaya wa dillali. Alhaji yana son karen da in ɓarawo ya ji gurnaninsa daga bakin titi zai tuba ya koma makarantar dare. Hajiya ta ce ita fa ba za a kawo mata abin da zai firgita mata yara ba, mai haƙuri take so, mai sanyin hali, wanda Auta zai ja wa kunne ya haɗiye fushinsa. Kada ya yi haushi da dare, domin Alhaji na da hawan jini. Kada kuma ya yi shiru da dare, in ba haka ba me aka saye shi ya yi? Ya gane ɗan maula tun daga kwana, ya gane mai kawo kwangila ya kaɗa masa wutsiya. Dangin Hajiya ya bar su su wuce, dangin Alhaji ya ɗan yi musu gyaran murya. Ya ci kaɗan, kada ya zubar da gashi, kada ya kusanci buta. Dillali zai saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Akwai shi, ranka ya daɗe." Tunda aka fara dillanci a ƙasar Hausa ba a taɓa jin dillali ya ce babu ba.

Bayan kwana biyu sai ga shi da kwikwiyo cikin kwali, gashi buzu-buzu, ido ƙwala-ƙwala, yara na tsalle suna rige-rigen ɗauka. Wannan shi ne Caucasian, wanda ake yayi. Abin da dillali bai faɗa ba shi ne, asalin wannan bawan Allah tsaunukan Jojiya da Armeniya ne, inda ƙanƙara ke rufe hanya, kuma aikin kakanninsa shi ne kokawa da kyarkeci don kare tumaki. Namijinsa in ya cika yakan haura kilo 50. Shi aka ɗauko da bargonsa na haihuwa aka kawo Kano, garin da a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40. Wata takwas bayan nan, kwikwiyon da Auta ke goyawa ya fi Auta nauyi sau uku, yana kwance yana haki, harshe a ƙasa, ya tsani kowa har da wanda ya biya kuɗinsa. Likitan dabbobi ya zo ya ce zafi ne. Sai a sa wa ɗakin kare na'urar sanyaya ɗaki. In an ɗauke wuta a tayar masa da janareta. Baba maigadi kuma na zaune a ɗakinsa na kwano yana firfita da murfin kwali, yana sauraron sanyin na fita ta ƙarƙashin ƙofar kare.

Wanda bai sayi Caucasian ba ya sayi Boerboel, karen manoman Afirka ta Kudu da aka tanada don tsaron gonar da ba a ganin iyakarta. Tun 2010 ƙasar Danmak ta haramta jinsin karnuka 13, kuma waɗannan biyun duk suna ciki. Wato abin da masu sanyi da faɗin fili da likitoci suka ce sun yafe, shi muka ce a sa mana a kwali. Wani kuma Rottweiler zai ce, karen mahautan garin Rottweil na Jamus da ke kora shanu zuwa kasuwa. Masu ra'ayin da kuwa suna nan a kan karen 'yan sanda, German Shepherd, wanda wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa jinsinsa a 1899 don ya wuni yana zagaye garken tumaki. Dabbar da aka gina don ta yi aiki daga safe zuwa yamma, ita ake kullewa a keji daga asuba zuwa sha ɗayan dare, a sake ta lokacin da kowa ya kwanta, sannan a yi mamaki wai ba ta da fara'a.

Masu sanyin halin fa, akwai su? Akwai, kuma ba ɓoyayyu ba ne. Labrador shi ne sarkinsu. Asalinsa karen masunta ne a gaɓar Kanada, Turawan Ingila suka gyara jinsin, kuma ya yi shekara 31 a jere yana kan gaba a rajistar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka kafin a ture shi a 2022. Shi ake horarwa ya yi wa makafi jagora. Yara za su hau shi, su sa masa hula, su ɗaura masa ɗankwali, ba zai ce uffan ba. Illarsa biyu ce. Ta farko, yadda yake son Auta haka yake son ɓarawo: in mutum ya diro ta katanga da tsakar dare, Labrador zai tare shi da murna, ya raka shi har ƙofar falo, in da hali ya riƙe masa tocila. Ta biyu, ciki. Masana a Jami'ar Cambridge sun gano a 2016 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na wannan jinsi na ɗauke da wani canji a ƙwayar halitta da ke hana su jin sun ƙoshi. Alhajin da ya ce a nemo masa mai cin kaɗan, ya shirya.

Ɗan uwansa Golden Retriever, wanda wani attajirin Sikotilan ya fara haɗa jinsinsa a 1868, an yi shi ne don ya ɗauko tsuntsun da maharbi ya kakkaɓo ba tare da ya huda shi da haƙori ba. Karen da aka yi shekara 150 ana roƙonsa kada ya ciji mushen agwagwa, shi kake so ya ciji ƙato mai adda?

Saura ba sai an daɗe a kansu ba. Basset na Faransa gajeren ƙafa ne, kunnuwa na jan ƙasa, kafin ya yanke shawarar tashi ɓarawo ya kai Kwanar Dangora. Greyhound yana gudun kusan kilomita 70 a sa'a, amma sauran yinin barci yake, kamar ma'aikacin da ya sa hannu a rajista ya cika aikin ranar. Pug da Bulldog, masu fuska a murtuke da Hajiya ta gani a Instagram ta ce sun yi kyau, hancinsu a tauye yake, numfashi na yi musu wuya ko a ƙasar sanyi, balle a Sakkwato. Bulldog ma mafi yawansu sai an yi wa uwar tiyata ake ciro su, saboda girman kai. Girman kai na gaske nake nufi, wanda ake aunawa da tef.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A 2022 mujallar Science ta buga wani babban bincike da masana a jihar Massachusetts ta Amurka suka yi. Sun tattara bayanan masu karnuka fiye da 18,000, suka duba ƙwayoyin halittar karnuka fiye da 2,000, suka gano cewa jinsi na bayyana kusan kashi 9 ne kacal cikin 100 na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Wato takardar nan da aka biya kuɗin sa guda a kanta, aka sa ta a firam, ba ta ɗauki alkawarin komai ba. Sauran halin yana wajen iyayen kwikwiyon su kansu, da yadda aka saba masa da mutane tun yana ɗan makonni, da abin da yake gani kullum. To a gidan da Alhaji ke daka wa Hajiya tsawa, Hajiya ta sauke a kan 'yar aiki, 'yar aiki ta sauke a kan almajiri, almajiri ya waiga bai ga na ƙasa da shi ba sai kare, a ina ake so karen ya koyo haƙuri? Shi ma zai jira ne ya ga wanda ya fi ƙarfi, kuma galibi mai karanta mita ne.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son a taɓo. Yawancin masu sayen nan ba sa iya taɓa abin da suka saya. Alhaji na tsaye daga nesa yana nuna wa baƙi, "Ka gan shi nan, daga waje aka kawo uwarsa," amma in karen ya nufo shi sai ka ga babbar riga ta tashi sama. Batun hukunci na malamai ne, ba na marubucin raha ba. Abin da kowane ɗalibi ya sani shi ne an yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai sun tattauna na gadin gida. An ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala ɗin nan da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare a gidansa, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da abin da zai ajiye ya fi kare. Malam dai tsaro ya nema. Bai ce a yi wa karen bikin zagayowar ranar haihuwa da kek ba, bai kuma ce a ɗauki hotonsa a kujerar gaba ta mota ba, alhali direban da ya yi shekara goma a gidan bai taɓa shiga hoton iyali ba.

Abin dariyar shi ne muna da namu. Karen gida, ja ko fari, siriri, mai kunne a tsaye, wanda mafarauta ke shiga daji da shi. Ya san zafin nan tun kaka da kakanni, ƙanzo da ƙashi sun ishe shi, ya san kowa a layi, ya san baƙo. Amma wa zai nuna wa abokin kasuwancinsa wannan? Sai dai in ya yi tafiya ya dawo. Azawakh, dogon karen Buzaye na yankin Azawak tsakanin Nijar da Mali, an kai shi Turai, kuma a 2019 Amurkawa suka shigar da shi cikakkiyar rajistarsu. Yanzu yana da takarda. Ku ba shi lokaci, za ku ga an yi odarsa daga Faransa an kawo shi Abuja ta jirgi, a ce masa ɗan waje, alhali ƙanin babansa na kwance a inuwar wani tanti bayan Tawa. Hajiyar da ke son wanda ba ya haushi ma, a Afirka yake: Basenji na dazukan Kwango ba ya haushi irin na karnuka. Guɗa yake yi. Sai ta zaɓa.

Wuri ɗaya ne ba na wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, sai dai addu'a. Cutar ba ta duba takarda, ba ta san ɗan waje ba. Allurar rigakafi tana nan a asibitocin dabbobi, har cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, mai tarihi tun 1924, tana yin ta. Amma mutumin da ya sayi sarƙa mai ƙyalli da kwano mai suna, in aka ce kuɗin allura sai ya ce a bari sai wata ya ƙare. In cizo ya faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a nufi asibiti a ranar. Ba a shafa toka, ba a jira a ga ko karen zai haukace.

Saboda haka, ranka ya daɗe, kafin ka tura wa dillali ko sisi, ka je ka ga uwar kwikwiyon da idonka. In ta yi maka maraba, da alama ɗanta zai yi. In sai da mutum uku suka riƙe ta, ka gaishe su ka shiga motarka. Sannan ka kira Baba maigadi ka tambaye shi wane iri yake so, domin shi zai ba shi abinci, shi zai yi masa wanka, shi zai cire masa kaska, shi zai zagaya da shi da yamma, kuma shi karen zai ɗauka a matsayin mai gida ko ka so ko ka ƙi. In ya zaɓa, ka ƙara masa albashi, ka kuma sa masa fanka.