Nokia ta yi kome, ku kuwa sai gulma

Ku ƙarasa dariyarku, ina jira. Tun ranar da bakina ya suɓuce a teburin mai shayi a nan Kara na ce Nokia ta yi kome, ban huta ba. Wani ya ce a nemo likkafani. Wani ya ce in ba shi labarin dawowar rediyo mai kaset ma. Taubashina, da ba ya barin ta kwana, cewa ya yi: "Tsufa ne ya zo maka, shi ya sa kake begen bazawara."

To Alhaji, sa hannu a aljihu mu gani. A'a, ba na dama ba, inda Infinix take kwance ba caji tun la'asar. Na hagu. Wannan 'yar baƙar da aka ɗaure da kyauro, lambobinta duk sun goge, rakani-kashi ce ko ba ita ba? Da ita ka kira dillali ran kasuwar Getso, da tocilarta ka haska hanyar masallaci da asuba. Kana zagin kaza, romonta na bakinka.

Ni dai ban ce ba ta yi yaji ba. Bayan shigowar GSM a 2001, ita ce uwargida, da 3310 da 1100, wadda aka sayar da sama da miliyan 250. A 2005, wayar da ta cika wa Nokia biliyan ɗaya a ciniki, 1100 ce, kuma a Najeriya aka saye ta. Daɗin ne ya sa ta barci. Wayar shafawa ta zo, kowa ya bi Android, ita ta liƙe wa Windows, har Microsoft ya kwashe sashen wayarta a 2014. Tana can tana barci, Tecno ta tare da layi biyu da batir mai jimiri, ta jawo ƙannenta itel da Infinix. Dukansu 'ya'yan kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, ko da kuna musu a kansu kamar abokan gaba.

Komen ya zo ne a ƙarshen 2016, da kamfanin HMD na Finlan ya karɓi hayar sunan. A Janairun 2017 ya fitar da Nokia 6 mai Android, a Fabrairu ya tono 3310 ya yi mata kwalliya, har da wasan macijin nan da ya cinye muku lokacin karatu. Dabararsu galibi ita ce kada su yi takara da iPhone: waya matsakaiciya, wadda kuɗin buhunan masara kaɗan za su ɗauka. G21 ta 2022 an tallata ta da batirin kwana uku. G22 ta 2023 an ƙera ta yadda za ka sauya batir ko gilashi da kanka. A garin da ganin wutar lantarki sai an yi sa'a, kuma mai caji na karɓar kuɗinsa kullum, wannan ba abin dariya ba ne.

Inda kuka kama ni kuwa, a Farm Centre ne. Je ka Kano da fasasshiyar Tecno, kafin ka rufe baki yaron shago ya zaro gilashi kala uku. Miƙa masa babbar Nokia, zai juya ta, ya kalle ka, ya ce "Baba, sai dai a nemo." Daga Kara, wannan kalma kuɗin mota ce sau biyu. Allon mai caji ma na tare da ku, na ƙirga, na yi shiru. Ga shi tun 2024 HMD ya fara buga nasa sunan a kan manyan wayoyi irin su Pulse. Wato an yi kome, amma amaryar ta shigo da wani suna.

Jiya taubashin nawa yana tsaka da yi mini wa'azin Tecno, hannu a sama, sai aljihunsa na hagu ya ɗauki kiɗan nan da ko jariri ya sani. Majalisa ta yi tsit. Ya danne aljihun da tafin hannu, ya ce ta yara ce.