Fim Ɗin Mutum Ɗaya, Daraktoci Arba'in

Tun da wayar hannu ta iya ɗaukar hoto tangaran, kusan kowace unguwa a Kano ta yi nata darakta. Matashi ne mai zafin nama, ya rantse sai ya yi gajeren fim na minti 10 shi kaɗai: ba furodusa, ba Alhajin da zai zuba kuɗi, ba zarya a Zoo Road. Shi ne marubuci, shi ne mai kyamara, shi ne mai sayo ruwan leda. Allah sarki! Bai san cewa a garin nan biyan kuɗi kaɗai ake bar wa mutum ya yi shi ɗaya ba.

Yana kafa kyamara a lungu, daraktoci za su ɓullo ta ko'ina. Mai shayi, wanda ya kalli Sangaya har kaset ya tsinke, zai bar tukunyarsa ya zo gyara: "Abokina, ai ba haka ake ba, sa ya yi kuka tukuna." Dattijo zai tsaya da carbi a hannu: "Kai yaro, ɗan gidan wa ne? Mai unguwa ya san da wannan?" Yara kuwa sun jeru bayan jarumi suna ɗaga wa duniya hannu. To, a ce wani ya riƙe fitila na minti biyar. Nan take kowa zai tuna an aike shi.

Sauti ma da nasa masu iko. Daidai inda jarumi zai furta kalmar da aka gina labarin a kanta, nan injin markaɗe zai tashi. Ya yi shiru, akuya ta karɓa. Ta gama, mai adaidaita ya danna ham.

Amma babbar jarrabawa 'yan wasa ne, domin na kyauta ne, kuma na kyauta ba a yi masa faɗa. An yi da jarumi ƙarfe takwas na safe. A kira shi, ya ce "ga ni nan a hanya" da muryar wanda ke cikin bargo, ya iso bayan la'asar, rana ta juya. Washegari ya zo da sabon aski, alhali jiya an bar shi a bakin ƙofa da suma. Haka mai kallo zai ga mutum ya yi sallama da gashi, ya shiga ɗaki da ƙwalƙwal. Jaruma kuma 'yar kawu ce, da ƙyar aka ba da ita. Saura fitowa biyu a gama, sai a ce an sa ranarta, angon kuma ya ce ba da shi ba. Dole darakta ya kashe ta a labarin, wani ya shigo da gudu ya kawo saƙon rasuwa.

Magabata sun fi dabara. 'Yan Tumbin Giwa da suka yi Turmin Danya a 1990 ƙungiya ce, ko ba komai akwai wanda za a ɗora wa laifi. Darakta Mustafa Alasan na Nijar kuwa, da ya so aiki ba hayaniya, fim ɗin zane ya koma yi, ya sa kwaɗi wasa. Kwaɗo dai ba ya aski, ba a kuma sa masa rana.

Bayan dare da dama na haɗa hoto a kwamfutar aro, tsakanin ɗauke wuta da kawo wuta, fim ya kammala. Sunan darakta ya fito sau takwas, jerin godiya ta musamman ya kusa fin labarin tsawo, domin duk wanda ya ba da aron tabarma yana nan yana duba sunansa. Aka ɗora a YouTube, inda sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin kuɗin talla ya waiwaye ka. Ga fim na minti 10, kallo 24,000 ke nan, daga farko har ƙarshe.

Daraktocin lungu suka taru suka gani a wayarsa. Ɗaya ya ce, "Ba waƙa?" Wani ya ce, "Tallar ta yi kyau, yaushe fim ɗin zai fito?" Mai shayi ya girgiza kai, ya ce da an sa jarumin ya yi kuka da ba haka ba. Kawu kuwa ya miƙo wayarsa: "Ɗana, zuba min a nan, ba ni da data."