Kwalba Ɗaya, Gida Goma

Mu nan unguwar Dugoi a Marwa, da wuya ka leƙa gida ba ka tarar da akuya a turke ba. Ga kaji suna tonon bakin rariya, wani gidan har da ragon layya da ake ta lallaɓawa da dusa da harawa. Su ne asusunmu. Kuɗin makarantar yaro, kuɗin asibiti, kayan ɗakin yarinya, duk a jikinsu suke.

Shi ya sa jiya bayan la'asar, da muka baje tabarma a gindin darbejiya, hirar ba ta wuce ta kaji ba. Goggo ce ta taso da ita. Hunturun bara, kaji goma sha ɗaya ta kwana da su, kafin mako ya zagayo saura biyu.

"Wallahi ɗan nan, ba abin da ban yi ba," in ji ta. "Barkono na daka musu, ɓawon maɗaci na jiƙa, har kafso ja da rawaya na fasa a ruwansu."

Haka muke yi, kusan dukkanmu. Sai kaza ta sauke fukafuki, ta fara koren zawo, wuyanta ya murɗe tana kallon sama, sannan mu tashi neman magani. Ita kuwa wannan cutar, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, idan ta shiga ba kafson da ke fitar da ita. Rigakafinta na mai lafiya ne, tun kafin iskar hunturu ta kaɗa. Wani allura ne, wani ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaita shi bayan wata uku zuwa huɗu.

Baffa, wanda ya yi kiwon shanu da ƙuruciyarsa, ya gyara zama. Ya ce shi ya ga bushiya da idonsa a 1983, cutar da Fulani ke kira pettu, lokacin da garke ke kwanciya a wuri ɗaya. A shekarar ce aka kafa LANAVET a Bokle, kusa da Garwa, inda ake haɗa alluran dabbobi har ana kai wa wasu ƙasashen Afirka. Allura ce ta kori bushiya, har a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. Yanzu 'yar'uwarta ake bi, annobar awaki da tumaki mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, ana son ganin bayanta nan da 2030. Allura ɗaya tak tana tsare akuya shekara uku.

"To Baffa, abin da ake yi a Garwa, me ya hana shi shigowa zaurenmu?" na tambaye shi.

Ya ce kwalbar ce. Ba a yi ta don mai kaza bakwai ba. Kwalba ɗaya ta isa dabba hamsin ko ɗari, tana son sanyi tun daga Bokle har Marwa, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa, cikin 'yan sa'o'i ta tashi aiki. Zafin Marwa kuwa kowa ya san shi. Mai kaza bakwai ba zai sayi kwalba ya zubar da saura ba, sai ya haƙura. Maƙwabcinsa ma ya haƙura. Alhali kajinsu juji ɗaya suke tono, kasko ɗaya suke sha.

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Mu da muke adashi, muke haɗa kuɗin biki da na suna, ba mu taɓa haɗa kuɗin kwalba ɗaya ba.

Akwai kuma wani halin namu. Mutum ya sayo tunkiya daga kasuwar Bogo, ko sauke igiya bai yi ba ya tura ta cikin na gida. Ya kamata a ɗaure baƙuwa gefe, da kaskonta daban, ko na mako biyu ne, a ga abin da ta zo da shi.

Kafin kiran magariba dai mun ƙirga gida goma a layinmu da za su haɗa kuɗin kwalba ɗaya. Ni zan je ofishin dabbobi ranar Litinin in ji ranar da ma'aikaci zai iya zuwa. Goggo ta ɗauki nauyin bin gidaje, ta gaya wa mata kada wadda ta buɗe akurki da safen ranar da zai zo.

"Sauran biyun nan nawa," ta ce tana naɗe tabarma, "a fara da su."