Amfilifayar Yaya da Kwalaben Humra

Amfilifaya mai bawul ba ta son tafiya. A jikinta akwai taransifoma uku, ɗaya ta wuta, biyu na sauti, ƙarfe da tagulla zalla, masu sa ƙato nishi. A gabansu kuma bawul ɗin ne, wato kwalaben gilashi marasa kauri, babu iska a cikinsu, ko harara ba sa so. Tawa a ɗakina na Apo na haɗa ta, da manyan EL34 huɗu da ƙananan 12AX7, saboda Yayana da ke Kano ya rantse muryar Shata ba ta fita daidai a kayan zamani.

Kwalaben nan ba a tsintar su a kasuwar Gudu. Masana'antun da suka rage suna yin su ba su da yawa, a Rasha da Sulobakiya da Sin suke, kuma da yaƙin Rasha na 2022 kuɗinsu ya hau. Don haka kafin in aika wa Yaya amfilifayar, da ta huce na zare su ɗaya bayan ɗaya, na manna wa kowace lambar gurbinta, domin manyan bibbiyu ake auna su, kuma da gurbin kowace aka daidaita wutarta. Na zura kowace cikin safa, na naɗe da soso, na jera su a ƙaramin kwali nasu na kansu. Matata ta ga safunan ɗanmu na makaranta sun ɓace, ta dube ni, ta dubi kwalin, ta ce Allah ya ba da lafiya.

Neman babban kwali ya kai ni Apo Makanik, inda ake ɗaure injin Beljiyam a aika Maiduguri ba a ko waiwaya. Na ɗauki abar a bayan mota don a auna. Wani makanike da muke mutunci ya kife ta, ya ga cikinta a buɗe, ya ce, "Malam, wannan ai robar taya biyu ta ishe ta."

Na ce, "Oga, kar ka sa hannu, kafasitocin nan..."

Ya ce, "Ai a kashe take."

Wato manyan kafasitocin irin wannan na'ura suna iya riƙe wuta sama da bolt 400 bayan an zare ta daga soket, shi ya sa ake sauke wutar da rizista kafin a taɓa. Wannan bayanin nake shirin yi. Oga bai jira ba. Ya yi wani tsalle da ban san akwai shi a jikinsa ba, ya ambaci sunan mahaifiyarsa, yaransa suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Da ya dawo hayyacinsa ya ba ni kwali biyu da tsohuwar katifa kyauta, da sharaɗin in fitar masa da aljanar daga gareji.

Na rufe ƙasanta da faranti, na ƙara ɗaure kusoshin taransifoma, don idan kwali ya faɗi su ne ke fizge kansu su lanƙwasa ƙarfen. Na yanka katifa, kauri yatsa uku ta kowane gefe, na cusa har ba abin da ke motsi idan an girgiza. Kwali ya shiga cikin kwali, soso a tsakani. Selotef kuwa, sai da ta koma kamar ƙafar wanda ya dawo daga wurin mai ɗori. Na zana kibiya, na rubuta "Gilashi ne, a yi hattara" da Hausa da Turanci.

A tasha direba ya karanta, ya jinjina kai, ya ce, "Alhaji, kamar tana hannunka." Ina tsaye ya kwantar da kwalin kibiya na kallon ƙasa, ya ɗora buhun doya, ya ɗaure akuya a kai. Ƙaramin kwalin dai na roƙe shi ya sa a gaba, na ƙara masa na goro. Na koma gida ina lissafin ramukan da ke tsakanin Zuba da Kaduna, da na Zariya zuwa Kwanar Dangora.

Da daddare Yaya ya kira. Kaya sun iso, ko kwarzane babu, sai ɗan warin akuya. Na fara hamdala, ya ce in dakata. Shi yana masallaci aka kawo saƙon, Anti matarsa ce ta karɓa. Ta buɗe ƙaramin kwalin, ta ga kwalabe masu kyau cikin safa, ta ce ƙaninta ya aiko mata da na zuba humra. Ta ɓare lambobin duka, ta wanke su tas da omo. Sai murfin ya ƙi buɗuwa, ta ɗauko filaya.

Na ce, "Yaya, dubi kan manyan kwalaben. Baƙin azurfan nan yana nan?"

Ya ce, "Uku yana nan. Ɗaya ta yi fari fat."

Fari alamar iska ta shiga ne, bawul ya mutu, kuma abokin aunensa ya zama gwauro. Ina shiru ina lissafin dala, sai na ji muryar Anti daga nesa: "Ka gaya masa in zai sake aikowa ya nemo masu murfin murɗawa."