Jitar Yaya ta iso a akwatin tufafi

Yayanmu malamin lissafi ne a wata sakandare a Kano, ya haura arba'in, kuma duk zuri'armu babu wanda ya taɓa jin ya buga ko da gwangwanin madara. Bidiyon Bombino ne ya ɗauke masa hankali. Tun ranar da ya ga ɗan Agadas ɗin nan da rawaninsa yana ta yamutsa tsirkiya, jama'a suna tashin ƙura, sai hira ta canza a gidanmu. Ko maganar tsadar shinkafa aka ɗauko, Yaya zai bi ta bayan gida ya dawo da ita kan jitar lantarki.

Da yake mutumin lissafi ne, sai da ya yi bincike. Stratocaster yake so, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954 a kan dala 249.50. Ya duba kuɗin ta asali a yau, ya rufe waya ya sha ruwa. Ta shekarun 1950 sai dubban daloli gomiya-gomiya, wadda kuwa wani shahararre ya taɓa riƙewa ba a ma magana: baƙar jitar David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd dala miliyan 3.975 aka saye ta a gwanjon Christie's a 2019. Yaya ya buga wannan da canjin naira a bayan takardar jarrabawar ɗalibansa, fili ya ƙare kafin sifili ya ƙare.

Sai ya gano cewa an tanadi mafita don irinsa. Tun ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin Japan irin su Tokai da Greco suke kwaikwayon tsofaffin jitocin Fender, da kyau kuma da araha, har Fender ta ga idan ba ta kwaikwayi kanta ba za a cinye mata kasuwa. A 1982 ta fara sayar da nata kwaikwayon, ƙirar Japan, da sunan Squier. A 2008 aka fito da jerin Classic Vibe, wato sabuwar jita mai siffar tsohon yayi, ana ƙera ta a Chaina, daga baya Indunisiya, kuɗinta ɗaruruwan daloli kaɗan. Yaya ya ga wata ta hannu a intanet, wani Ba'amurke ya karya mata farashi saboda ta daɗe babu mai taya. A jikin tallar akwai haruffa biyu, LH. Ya ce ƙila sunan mai kayan ne.

Na kalli hoton na ce, "Yaya, kamar fa a juye take."

Ya ce, "Kai ba ka san kamara ba? Haka take juya hoto, kamar in ka ɗauki kanka."

Wani abokinsa da zai dawo daga Amurka ya yarda ya taho da ita, haɗe da ƙaramar amfilifaya. Ranar da aka kawo akwatin, yara suka yi da'ira, Yaya ya zuge zif da bisimilla. Gangar jikin jitar tana naɗe cikin riguna, wuyanta kuma yana can gefe guda cikin ƙafar wando, tsirkiyoyi a nannaɗe a leda. Yaya ya zauna daɓas a ƙasa yana salati, ya ce an karya masa dukiya. Sai da abokin ya zaro wata 'yar leda daga aljihu, sukurori huɗu da ƙaramin farantin ƙarfe, ya ce shi ya kwance ta don kada a caje shi kuɗin kaya.

Gaskiyarsa kuwa, haka aka yi ta tun asali. Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin Fender, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya buɗe shagonsa a 1938, kuma har ya bar duniya bai iya kaɗa jita ba. Da idon mai gyara ya kalli abin: falankin katako maras rami, wuya da ake ɗaurewa da sukurori, in ya lalace a kwance a sa wani. Kamfanin Gibson, da ya fitar da jitar Les Paul a 1952, da gam yake liƙa nasa wuyan, aikin kafintan gaske. Abin da masu kuɗi suke ajiyewa yanzu a akwatin gilashi, an ƙera shi ne don mawaƙin kulob ya iya saye ya kuma iya gyarawa. Da Yaya ya ji haka sai ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ce ai dama ya sani.

Aka ɗaure, aka sa tsirkiya, ya rataya ta a kafaɗa. Nan ne LH ta bayyana ma'anarta. Jitar ta bahago ce. Tsirkiya mai kauri da ya kamata ta zauna a sama ta koma ƙasa, maɓallan ƙara murya suka shige ƙarƙashin hannunsa, dogon ƙahon jikinta yana kallon ƙasa. Matarsa, wadda aka ɗage mata sayen firji saboda wannan lamari, ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban yara, ai araha ba ta ado." Ta koma ciki.

Yaya bai karaya ba, ya ɗauko tarihi ya kare kansa. Jimi Hendrix bahago ne, jitar 'yan dama ya juya ya sake jera mata tsirkiya, kuma babu wanda ya ce masa bai iya ba. Mdou Moctar na Nijar shi ma bahago ne, jitarsa ta farko ma da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Duk gaskiya ne. Abin da Yaya ya tsallake shi ne su biyun da hannun da Allah ya ba su suke kaɗawa, shi kuwa ko cokali bai iya riƙewa da hagu ba.

Ana cikin haka Hajiya ta shigo, ta tarar da ɗanta mai digiri biyu rataye da katako. Ta ce, "Roƙo za ka fara kuma?" Ya ce ta saurara ta ji. Ya kaɗa, wani siririn ƙara ya fito kamar kukan sauro, domin jita maras rami ba ta da murya sai an jona ta. Maganaɗisu uku ne a ƙarƙashin tsirkiyoyin, kowanne naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Girgizar tsirkiyar ƙarfe ita ke haifar da 'yar wutar da amfilifaya take ƙarawa. Hajiya ta ce to a jona mana.

Aka jona. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, kuma filogin da bai shiga soket ba ya isa ya zama gargaɗi. Yaya ya aiki yaro kanti ya sayo adafta. Jan fitilar amfilifayar ta kama da haske mai ban sha'awa na daƙiƙa ɗaya, aka ji fat, hayaƙi ya fito ta baya, warin ƙonanniyar roba ya cika falo. Hajiya ta ja mayafinta ta ce Allah ya kyauta, kiɗan ya yi daɗi.

Ni aka ɗora wa ɗaukar gawar zuwa wurin mai gyaran rediyon unguwarmu, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya buɗe, ya shinshina, ya nuna wa Yaya rubutun 120V ɓaro-ɓaro a bayanta, ya ce, "Malam, kai da kake koyar da lamba?" Ya sauya fis da taransifoma, ya sa mai ɗaukar wutarmu. Da ya ji labarin jitar ya ce a kawo ta ita ma. Ya ce juya ta ba wai sauya tsirkiya kawai ba ne, sai an cire ɗan farin ƙashin da ke saman wuya an sa wani, tunda kowace tsirkiya da girman tsagarta. Yaya ya ce a dakata tukuna.

Da amfilifaya ta tashi sai ga wani baƙo, gurnani ƙasa-ƙasa wanda ba ya tsayawa, in an tayar da janareto kuwa ya ninka. Yaya ya zaci wani abin ya sake lalacewa. Ashe wannan yana cikin abin da ya biya kuɗi ya saya. Maganaɗisu mai naɗi ɗaya irin na 1954 yana kwaso ƙarar wutar gida, matsalar da ta sa Seth Lover na Gibson ya ƙirƙiro mai naɗi biyu, wanda aka fara sa wa Les Paul a 1957. Mai son tsohon yayi sai ya karɓe shi da gurnaninsa. Maganin da makaɗa suka sani shi ne ka riƙa juyawa da jitar a hankali har ka samu kusurwar da ƙarar take raguwa. A falon Yaya kusurwar tana fuskantar bango, daf da ƙofar banɗaki. Can yake atisaye, ya ba mu baya.

Hunturu ya zo da nasa, katakon wuyan ya tsotse, bakunan ƙananan ƙarafan da ke jere a kai suka ɓullo suna yankar yatsa, aka sake komawa wurin dattijo da magagari. Autarsa kuma ta ja jitar a siminti ta kankare fentin gefe. Wannan bai dame shi ba, domin ya karanta cewa tun 1995 Fender take sayar da sababbin jitoci da aka kankare da gangan don su yi kama da tsofaffi, da tsada fiye da masu sheƙi. Ya ce yarinya ta ƙara masa daraja kyauta.

Ƙashin nan dai har yau ba a sauya ba. Wata Asabar Yaya ya dawo daga ɗaurin aure ya ji ana kaɗa wani abu mai kama da waƙa a falonsa. Ɗansa na biyu ne, ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda Hajiya ta yi shekaru tana buge wa hannu a kwanon tuwo don ya daina ci da hagu. Jitar ta zauna masa daidai, har ya gano kusurwar banɗakin da kansa. Yanzu sai Yaya ya jira yaron ya tafi Islamiyya kafin ya samu taɓa ta, kuma na ga ya fara duba kuɗin ta 'yan dama. Maganar firji an sake ɗage ta zuwa bayan Sallah.