Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Manchester United

Zuwa ga Iyalan Glazer da Sir Jim Ratcliffe,
Old Trafford, Manchester, Ingila.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Gaisuwar haƙurin ta zama dole, don tun daren 21 ga Mayu, 2025 da Tottenham ta yi mana ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao, da ita magoya bayanku suke gaisawa a Kano. Na rubuto muku ne a madadin majalisarmu ta gidan kallo. Ni aka wakilta saboda ni kaɗai ne ban rantse cewa na bar ƙungiyar ba. Sauran duk sun rantse, kuma duk za su yi kaffara ranar da aka dawo wasa a watan Agusta.

Kada ku ce mun cika ƙorafi. Kakar da ta ƙare kun gama a mataki na 15 da maki 42, an doke ku sau 18. Rabon da a ga ƙungiyar nan a ƙasa haka tun 1974, shekarar da ta faɗa rukuni na biyu, lokacin da yawancin 'yan majalisarmu ko haihuwarsu ba a yi ba. Liverpool ta ɗauki kofin lig na 20 ta kamo mu, ga shi a da wannan lambar ita ce abin da muke rufe bakin kowa da shi. Tottenham ɗin da ta ci mu ta 17 ta yi, wato ko a cikin gurguwar tafiyar ma muna gabanta, amma ita ta tafi da kofin Europa da tikitin gasar Zakarun Turai. Muna cikin jimamin wannan sai muka ji kun kwashi yara kun tafi Malesiya wasan sada zumunci, can ma wata tawaga da aka harhaɗa daga ƙasashen yankin ta ci ku ɗaya da nema. To wa ya aike ku?

Dalilin wasiƙar dai shi ne maganar koci da maganar kasuwar 'yan wasa, domin su suka raba majalisarmu gida biyu, har ta kai wasu ba sa zama benci ɗaya.

Ɓangare na farko suna cewa a sallami Ruben Amorim tun kafin a sake kashe ko sisi a kansa. Jagoransu wani tela ne, mutum mai riƙe lissafi a ka. Ya ce tun da mutumin ya zo daga Sporting a Nuwamban 2024 ya ja ragamar wasa 27 a gasar Firimiya, bakwai kawai ya ci, kuma bai taɓa cin biyu a jere ba. Ya ce koci ne mai taurin kai, 'yan baya uku yake sa wa ko ana ruwa ko ana rana, ko yana da masu iya wasan ko ba shi da su. Idan musu ya yi zafi sai ya jefo hujjarsa ta ƙarshe: ai shi Amorim ɗin da bakinsa ya faɗa a watan Janairu cewa wataƙila wannan ce tawaga mafi rauni a tarihin ƙungiyar. Telan ya ce duk wanda ya kushe kayan da aka ba shi a gaban jama'a, ya riga ya nemi hanyar gudu.

Ɓangare na biyu mai shayin bakin gidan kallo ne shugabansu, kuma shi ya fi su magoya baya, wataƙila don yana ba da bashi. Yana tsiyaya shayi daga kofi zuwa kofi yana jero nasa: mutumin nan ya ci lig ɗin Fotugal sau biyu, a 2021 da 2024, na farkon bayan Sporting ta yi shekara 19 tana jira. Ana saura kwanaki ya taho ya lallasa Manchester City da ci 4 da 1. A tsakiyar kaka aka ɗauko shi, bai samu ya horar da yaran kafin a fara ba, kuma kusan duk 'yan wasan gadonsu ya yi. Ya ƙara da cewa bayan wasan Bilbao kocin ya fito ya ce in ba a son sa zai tafi ba tare da ya nemi diyya ba, kuma a Old Trafford ba a saba jin irin wannan magana daga bakin koci ba.

Akwai ɓangare na uku, amma ba namu ba ne. 'Yan Arsenal ne da 'yan Chelsea da ke zaune a bencin baya, waɗanda suka haɗa baki suna roƙon ku ƙara wa Amorim kwantiragin shekara goma. Ranar wasan ƙarshen nan, da Brennan Johnson ya tura ƙwallon nan mai kama da tuntuɓe cikin raga, su suka fi 'yan Tottenham ihu, domin ɗan Tottenham ɗaya tak muke da shi a unguwar, shi ma ba mu san yana nan ba sai daren. Mai gidan kallon, wanda namu ne, ya kashe janareto tun kafin a miƙa kofi, ya ce mai ya ƙare. Kowa ya ji ƙarar jarkar da ya ture a cike take.

Ni nawa ra'ayin, ranku ya daɗe, telan da mai shayin duk suna faɗa ne a kan wanda bai kamata ba. Laifin naku ne. Tun da Dattijo Ferguson ya yi ritaya a 2013 kuka zama mai auri-saki. Kowace amarya da kiɗa da guɗa ake kawo ta, a ce wannan ce ta zaman har abada, a canza mata kayan ɗaki kaf yadda take so. Kafin shekara uku an miƙa mata takarda, ta tafi ta bar kayan. Wadda ta biyo baya ta ce ita ba ta iya kwana a gadon wata ba, a sake sabon lale.

Ku ƙirga da kanku. David Moyes kwantiragin shekara shida kuka ba shi, wata goma ya yi. Louis van Gaal ya ci kofin FA a 2016, bayan kwana biyu kuka sallame shi, ko gajiyar murna bai warware ba. José Mourinho ya kawo kofi biyu a 2017, ya yi na biyu a lig a 2018, kafin shekarar ta ƙare ya tattara. Solskjær ɗan gida ne, shi ya ci mana ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 1999, wannan bai hana shi tafiya a Nuwamban 2021 ba. Ralf Rangnick ya zo riƙon ƙwarya ya gaya muku gaskiya, cewa ciwon ƙungiyar ya wuce na shan magani sai an yi mata tiyatar zuciya, kuka bar shi ya kama gabansa.

Na Erik ten Hag ne ya fi ba mu mamaki, kuma shi ne abin da muke tsoron ku maimaita. Ya ci City a wasan ƙarshe na kofin FA a Mayun 2024. Kuka yi makonni kuna shawara, kuna ganawa da wasu a ɓoye alhali duniya ta sani, daga ƙarshe kuka ce shi ɗin dai, har da ƙarin shekara a kwantiragi. Kuka sayo masa De Ligt da Mazraoui da Yoro da Zirkzee da Ugarte. Ranar 28 ga Oktoba kuka kore shi. Sannan kuka ɗauko wanda salon wasansa bai haɗa hanya da na wancan ba ko kaɗan. Ƙungiya cike da 'yan gefe masu gudu, Rashford da Garnacho da Antony, kuka kawo mata kocin da tsarinsa ba shi da gurbin ɗan gefe irin nasu. Dan Ashworth da kuka yi wata da watanni kuna zawarcinsa daga Newcastle don ya tsara muku saye da sayarwa, wata biyar ya yi. Sallamarsa da ta ten Hag da mutanensa ta ci muku sama da fam miliyan 14. Da mai shayi ya buga wannan a naira a wayarsa, sifilin ya ƙi shiga allon.

Sayayyar taku kuwa, Allah ya kyauta. Paul Pogba ya bar ku kyauta a 2012, kuka sayo shi fam miliyan 89 a 2016, ya sake komawa Juventus kyauta a 2022. A Kantin Kwari yaron shagon da ya yi irin wannan ciniki ba zai kai la'asar ba. Di María shekara ɗaya ya yi ya gudu. Alexis Sánchez a bidiyon zuwansa da ya kaɗa fiyano ya yi wasansa mafi kyau. Antony kun biya Ajax sama da fam miliyan 80, ya yi ta juyi da ƙwallo a wuri ɗaya, kuka ba Real Betis aronsa, yana sauka Sifaniya ya tuna ɗan Brazil ne. Jadon Sancho fam miliyan 73 ne, kuka kai shi Chelsea aro da sharaɗin za su saya, suka gwammace su biya tarar fam miliyan 5 su dawo muku da abinku. Scott McTominay kuma, yaron da kuka raina tun yana ƙarami, kuka sayar wa Napoli, a kakarsa ta farko ya ɗauki kofin lig ɗin Italiya aka zaɓe shi gwarzon gasar. Shi ya sa telan ma, duk da zafinsa, wani lokaci yakan yi shiru ya ce anya ba ruwan filin atisayenku na Carrington ba ne.

Mun ji kun ɗauko Matheus Cunha daga Wolves a kan fam miliyan 62.5. Madalla, yaron ya ci ƙwallo 15 a lig, kuma yana wasa kamar wanda ke jin haushi, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Mun kuma ji kuna ta ja-in-ja da Brentford a kan Bryan Mbeumo na Kamaru, mai ƙwallo 20. Ku biya ku wuce wurin. Mun san halinku: za ku yi ta tayi har kasuwa ta kusa tashi, sannan ku biya fiye da abin da aka fara gaya muku.

Amma duk waɗannan ba lamba tara ba ne. Ƙwallo 44 kacal ƙungiyar ta ci a wasa 38. Højlund huɗu, Zirkzee uku. A wannan kakar dai Victor Osimhen ya ci 26 shi kaɗai a lig ɗin Turkiyya, ya ɗauki kofi da Galatasaray. A 2023 ma 26 ɗin ya ci ya kai Napoli ga kofin da ta yi shekara 33 tana nema, aka ba shi gwarzon Afirka. A nan ne kaɗai majalisarmu ta zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, tela da mai shayi har da tafawa. Kada ku ce son kai ne don ɗan ƙasarmu ne. To, akwai son kan, ba ma musu. Lokacin da kuka ɗauko Odion Ighalo aro a farkon 2020, ɗan Najeriya na farko da ya sa jar rigar nan, har 'yan Arsenal sai da suka yi mana Allah ya sanya alheri. Amma ku ajiye ƙasa gefe ku dubi lissafi. Kun gwada sayen yaro ɗanye ku ɗora masa nauyin Old Trafford a ka, kun ga yadda ta kaya. An ce albashin Osimhen ya yi yawa. Ku tara abin da kuke biyan waɗanda ke zaman aro a ƙungiyoyin mutane, ku gani ko bai isa ba.

Yallaɓai Sir Jim, wannan sakin layin naka ne kai kaɗai. Da ka sayi kashi 27 da ɗoriya na ƙungiyar a Fabrairun 2024 mun yi murna, muka ce ga ɗan gari ya zo, mai kuɗi kuma mai kishi, ba irin waɗanda suka saye ta da bashi a 2005 suka ɗora mata bashin ba. Sai muka ji tsimin naka ya fara ta kan ƙananan ma'aikata: an sallami 250, an ce wasu na tafe, an soke abincin rana na kyauta. Har Dattijo Ferguson, mai kofin Firimiya 13, aka yanke masa kuɗin jakadanci. Ana cikin haka ka fito da zanen sabon filin wasa mai cin mutum 100,000 na fam biliyan 2, alhali tsohon rufinsa yana zuba. Mun gani da idonmu a talabijin ranar wasan Arsenal a Mayun 2024, ruwa yana kwarara ta saman 'yan kallo. Kafintan majalisarmu ya ce in gaya maka kwano uku da ƙusa sun isa, kuma ba zai karɓi kuɗin aiki ba in za a ba shi biza.

Ga abin da muka tsayar, bayan an kai ruwa rana. Ku yanke shawara a kan Amorim yau, ba a Oktoba ba. In kun san zuciyarku ba ta kwanta da shi ba, ku sallame shi tun kasuwa tana ci, wanda zai zo ya zaɓi nasa. In kuma kun ce shi ne, to ku saya masa irin waɗanda tsarinsa yake buƙata, ku sayar da waɗanda ba ya so ko da faɗuwa ne, ku kuma ɗaure hannunku har kaka ta ƙare, ko da ya yi rashin nasara uku a jere jaridun Ingila sun taso ku gaba. Ni ina tare da mai shayi, a bar shi. Ba don na tabbata zai iya ba, sai don ban ga wanda zai iya ba muddin ku ne masu zaɓen, kuma kuɗin sallama ya ishe mu haka. Ku riƙe Bruno Fernandes da hannu biyu, tunda ya ƙi kuɗin Al-Hilal ya zauna, ku riƙe Amad. Maganar mai tsaron ragarku ɗan Kamaru kuwa an hana ni taɓa ta, saboda akwai ɗan Kamaru a majalisar kuma shi ke kawo mana goro.

In kun ƙi ji, muna da wurin zuwa. Filin wasa na Sani Abacha yana nan a Ƙofar Mata, kuɗin adaidaita sahu kawai zai kai mu. Kano Pillars ta ɗauki lig a 2014, ku kuwa rabonku da shi tun 2013, don haka ko a yawan jira Sai Masu Gida sun fi ku sauƙi. Ba ma so ta kai ga haka. Don Allah ku sayo mai cin ƙwallo kafin a rufe kasuwa.

Naku cikin haƙuri,
Magatakardan majalisar gidan kallo,
Kano, Yuni 2025.